Wane Kare ne Mai Haɗari? Cizon Ƙananan Karnuka da Matsalar Aron Doka a Unguwar Briqueterie ta Yawunde

Tsakure

Dokokin da ƙasashen Turai suka kafa kan "kare mai haɗari" sun ginu ne a kan jinsin kare da girman raunin da zai iya yi wa mutum. Takardar nan ta ɗora wannan ma'auni a kan unguwar Briqueterie ta birnin Yawunde, a ƙasar da ciwon haukan kare bai ƙare ba, ta nuna cewa ma'aunin yana barin kwikwiyo da ƙaramin kare su wuce ba tuhuma, alhali cizonsu ne aka fi rainawa, shi ne kuma ba a kaiwa asibiti. Ta kawo abin da fiƙihun Malikiyya da dokar Kamaru suka tanada kan alhakin mai kare, sannan ta nemi a raba tambayoyi biyu da ake cakuɗawa: wa zai biya ɓarna, da wa zai je allura.

1. Gabatarwa



Duk lokacin da wani ƙaton kare ya yaga yaro a ɗaya daga cikin biranenmu, hoton ya zaga Facebook da WhatsApp, kira ɗaya ake ji: a hana shigo da irin waɗannan karnuka, a yi jerin sunayensu kamar yadda Ingila da Faransa suka yi. Kiran yana da dalili, ba kuma zan yi masa ba'a ba. Abin da nake so mu duba a zaman nan shi ne ko jerin zai tsare yaron da ke wasa a lungun Briqueterie. Amsata ita ce zai tsare shi daga ɗan kaso kaɗan na haɗarin, ya bar shi da babban kason. Yana ma iya ƙara wa iyayensa sakaci, tunda hukuma da bakinta ta gaya musu cewa karen da ya cije shi ba ya cikin masu haɗari.

2. Unguwar da karnukanta

Briqueterie, ko Birik kamar yadda 'yan gari ke taƙaitawa, tana cikin ƙaramar hukumar Yawunde ta 2, maƙwabciyar Tsinga da Messa da kasuwar Mokolo. Fataken Hausawa sun fara sauka a Yawunde tun zamanin Jamusawa, unguwar nan ce kuma ta zama zangonsu, kafin Fulani da Barebari da Bamun da mutanen Nijar da Mali da Senegal su cika ta. Wanda ya san Yawunde ya san abin da ke kai mutane Birik: shadda da atamfa, teloli masu aikin surfani, sai kuma nama. Tsire da kilishin unguwar sun yi sunan da har waɗanda ba sa jin ko "sannu" da Hausa suna zuwa da mota cikin dare su saya.

Galibin mazauna Musulmi ne, kuma ajiye kare a tsakar gida ba al'adarsu ba ce. Mai sauraro zai iya cewa na zaɓi unguwar da ba ta dace da batun ba. A ganina ita ce ta fi dacewa. Inda ake sana'ar nama akwai ƙashi, akwai kitse, akwai ruwan wankin kayan ciki da ke gangarawa kwata, kare kuwa bai san iyakar unguwa ba. Idan dare ya raba, masu tsire suka kashe wuta, karnukan maƙwabta ne ke zuwa share wurin. Yawancin irin waɗannan karnuka suna da iyayengiji; binciken da aka yi a Njamena ya nuna cewa waɗanda ba su da mai su kwata-kwata kaɗan ne ƙwarai. Matsalar ita ce mai karen yana wata unguwa, ba wanda ya san shi a nan. In an yi cizo babu ƙofar da za a ƙwanƙwasa a tambayi ko an yi wa karen allura.

Abu na biyu ya fi wannan damuna. Yaron da ya tashi a gidan da babu kare bai iya karanta kare ba. Bai san me ake nufi in kunne ya kwanta, ko wutsiya ta shige tsakanin ƙafafu, ko jiki ya sandare ba. Jifa ya iya da gudu, duka biyun kuwa cizo suke jawowa. Sai maganar kwikwiyo. Duk wanda ya yi yarinta a unguwar Hausawa ya san wannan: yara uku ko huɗu su tsinci kwikwiyo a bayan juji, su ɗaure shi da tsumma a wani kango, su raɗa masa suna, kowa ya riƙa ɓoyo ɗan tuwo ko guntun ƙashi a aljihu yana kai masa bayan an tashi daga makarantar allo. Ran da ya cafki yatsan ɗayansu wajen karɓar abinci, yaron zai tsotse jinin, ya goge a riga, ya shiga gida shiru. Ba zai faɗa ba, domin in ya faɗa tambayar farko ba "ina ciwon?" ba ce, "me ya haɗa ka da kare?" ce, bulala kuma na biye da ita. Wannan cizo ba zai taɓa shiga littafin wani asibiti ba.

Ba kuma nisa ne ke hana zuwa ba. Cibiyar Pasteur ta Kamaru, wadda aka kafa a 1959, tana ƙaramar hukuma ɗaya da Birik. A can ake gwada kan kare a tabbatar ko yana da cutar, a can ake yi wa wanda aka ciza allura. Masu binciken cibiyar sun nazarci ƙwayoyin cutar da aka samu a jikin karnukan Kamaru daga 2010 zuwa 2016, suka buga sakamakon a 2017, ya nuna dangin ƙwayar fiye da ɗaya ne ke yawo a ƙasar. A 2016 kuma, da hukumomin lafiyar mutane da na dabbobi suka zauna zaɓen cututtuka 5 da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum waɗanda za a fi ba muhimmanci, haukan kare na cikinsu.

3. Yadda Turawa ke ware kare

Dokar Biritaniya ta 1991 ita aka fi ambata. An yi ta cikin gaggawa bayan wasu munanan hare-hare da jaridu suka yayata, ta haramta jinsi 4: Pit Bull Terrier, da Tosa na Japan, da Dogo Argentino, da Fila Brasileiro. Daga baya aka ƙara XL Bully a Ingila da Wales, daga 1 ga Fabrairu 2024 kuma mallakarsa ba tare da takardar izini ba ta zama laifi. A wannan tsari ba sai kare ya ciji kowa ba. Jami'i zai zo ya auna kai da ƙirji da tsayi, in siffar ta yi daidai da abin da ke rubuce, shi ke nan. Sai dai dokar tana da wani sashe da ya hau kan kowane kare da ya kuɓuce wa mai shi har ya zama barazana, ko wane jinsi ne, a 2014 kuma aka faɗaɗa shi ya shafi abin da ya faru a cikin gida. Masu kiran a kwaikwayi Ingila ba safai suke ambaton wannan sashe ba, alhali shi ya fi kusa da buƙatarmu.

Faransa, wadda dokokinta ne lauyoyin Yawunde suka fi leƙawa, ta yi tata a ranar 6 ga Janairu 1999. Ta kasa karnukan gida biyu: na kai hari, irin masu kama da pitbul da ba su da takardar asali, da na gadi da tsaro, irin su Rottweiler. Dukansu sai da takunkumi da igiya a bainar jama'a. Bayan shekara 9, a ranar 20 ga Yuni 2008, majalisa ta ga jerin bai wadatar ba, ta ƙara cewa duk karen da ya ciji mutum, ko da bai fi tafin hannu ba, dole a kai rahoto ofishin magajin gari, likitan dabbobi kuma ya auna halinsa ya ba shi mataki daga 1 zuwa 4. Dama can tsarinsu ya tilasta a sa wa kare mai cizo ido kwana 15, likita ya duba shi sau 3. Holan ta haramta pitbul a 1993, ta janye haramcin bayan wani kwamiti ya gano a 2008 cewa cizo bai ragu ba. Italiya ta soke nata jerin a 2009.

Kada a fahimce ni a baibai. Babban kare yana kisa da ƙarfin haƙori, ƙaramin kuwa da wuya. Nazarin da Sacks da abokan aikinsa suka buga a Amurka a 2000 ya bi diddigin mutum 238 da karnuka suka kashe daga 1979 zuwa 1998, fiye da rabi dangin pitbul ne da Rottweiler suka yi aikin. Mai cewa jinsi ba ya nufin komai bai kalli wannan adadi ba. Amma su kansu marubutan sun ja kunne cewa kada a gina doka a kan waɗannan mace-mace kaɗai, domin ɗan ƙaramin yanki ne na cizon da ake yi. Wani nazarin da Patronek ya jagoranta a 2013 ya duba mutuwa 256 daga 2000 zuwa 2009, ya tarar a kusan kashi 87 cikin 100 babu wani babba mai ƙarfi a wurin da zai kawo ɗauki, kuma a ƙasa da kashi 20 cikin 100 ne aka iya tabbatar da jinsin karen.

Abin da ya haɗa ƙasashen nan duka shi ne sun raba karnukansu da ciwon hauka. Biritaniya ta gama da shi tun 1922, Amurka ta sanar da haka a 2007. Don haka dokarsu tambaya ɗaya take yi: nawa ne naman da wannan kare zai iya yagewa? Tambaya ce mai kyau a London. A ajiye adadi biyu kusa da juna: mutum 238 na nazarin Sacks a shekara 20 a Amurka, da kimanin mutum 59,000 da haukan kare ke kashewa a duniya kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta hanyar kare, kashi 40 cikin 100 kuma yara 'yan ƙasa da shekara 15. Duk dokar da aka rubuta domin adadin farko ba za ta magance na biyu ba.

4. Ƙaramin kare

Ko a ƙasashen da babu cutar, ƙaramin kare ba salihi ba ne. A 2008 Duffy da Hsu da Serpell suka tattara bayanan dubban masu karnuka, suka tarar jinsin da suka fi kai wa mutane cizo ko yunƙurinsa su ne Dachshund da Chihuahua da Jack Russell, dukansu 'yan ƙanana. Dalilin da ba a jin labarinsu a fili yake: rauninsu ba ya kai mutum ɗakin tiyata, ba ya kai ɗan jarida gidan. Ƙididdigar asibiti ƙididdigar manyan raunuka ce, daga ita kuma ake zana jerin. Nan ma akwai togaciya, domin a 2000 wani ɗan ƙaramin kare jinsin Pomeranian ya kashe jaririya 'yar sati 6 a Los Angeles.

A Birik maganar ta wuce nan. Ƙwayar haukan kare a yawu take, ƙofar da take buƙata kuma ba ta wuce hujin haƙori ɗaya ba. Haƙoran kwikwiyo kamar allura suke, suna shiga da zurfi su bar baki ɗan tsito wanda ke rufewa nan da nan. Daga nan ƙwayar ba jini take bi ba, jijiya take bi a hankali har ƙwaƙwalwa. Shi ya sa wurin cizo ya fi girmansa muhimmanci: yatsu da fuska da wuya sun fi cinya haɗari, saboda yawan jijiyoyi da kusanci da kai. To ina kwikwiyo ke cizo? Yatsan mai ba shi abinci, da leɓen yaron da ya ɗauke shi ya kai fuska.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa haɗuwa da dabba mataki 3. Na farko taɓawa, ko ba da abinci, ko lasar fata lafiyayya. Wannan wanki kawai. Na biyu ɗan gatsa a fata tsirara ko yaƙushin da bai fitar da jini ba; wannan wanki da allurar rigakafi. Na uku duk cizo ko yaƙushin da ya huda fata, ko lasar miki, ko yawu ya shiga ido ko baki. Wannan wanki da allura da kuma ruwan garkuwa da ake tsirawa a cikin raunin. A matakan nan babu inda aka tambayi nauyin kare ko jinsinsa. Yaron nan na kango da ya tsotse yatsansa yana mataki na uku, daidai da wanda Rottweiler ya yaga.

Misali biyu daga Turai, tunda can ake rubuta irin wannan dalla-dalla. A watan Agusta 2004 wata 'yar kwikwiyo mai kimanin wata 4, da aka shigo da ita Faransa daga Maroko ba bisa ƙa'ida ba, ta mutu da cutar a yankin Bordeaux, hukumomi suka shiga cigiyar duk wanda ya taɓa ta a wuraren bukukuwan da aka kai ta. Ba ta cikin rukuni na ɗaya ko na biyu na dokar 1999. A 2019 kuma wata matashiya 'yar Norway ta tsinci kwikwiyo a bakin hanya a Filifin, ta yi masa wanka, ya ɗan gatsa ta cikin wasa, ta wanke wurin da kanta ba ta je allura ba. Ta rasu bayan ta koma gida.

Kwikwiyo yana da wani rauni kuma: shi ne ba a yi wa allura. An daɗe ana cewa sai ya kai wata 3, don haka masu gangami kan tsallake shi, alhali a biranenmu karnuka ba sa daɗewa, ƙanana ne suka fi yawa. Nazarin Morters da abokansa na 2015 ya nuna jikin kwikwiyon da bai kai wata 3 ba yana karɓar allurar, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ita ce a haɗa da su a gangami.

Sannan ba kowane mahaukacin kare ne ke gudu yana kumfa yana cizon iska ba. Akwai wanda cutar ke kwantarwa, muƙamuƙi ya saki, yawu na zuba, kai ka ce ƙashi ne ya maƙale masa a wuya, har mai tausayi ya zura hannu ya ciro. Kare kuma yana iya fitar da ƙwayar a yawunsa 'yan kwanaki kafin alama ta bayyana, shi ne dalilin tsare shi a sa masa ido kwana 10 ko 15. A jikin mutum cutar kan yi kwanton ɓauna wata 2 zuwa 3, wani lokaci sati ɗaya, wani lokaci shekara. Kafin zazzaɓi da firgita da tsoron ruwa su zo, tabon ya ɓace, an manta da kwikwiyon. Gida za a ce iska ce ko sammu, a kira mai ruƙiyya. Asibiti ma na iya ɓata: binciken da aka buga a 2007 daga Blantyre ta Malawi ya gano wasu yaran da aka rubuta cewa zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa ne ya kashe su, ashe haukan kare ne. Da zarar alama ta fito, kusan babu mai tashi. Ɗan hakin da ka raina, in ji Bahaushe.

5. Abin da ke hannunmu tun tuni

Malamai a zauren nan sun fi ni sanin cewa fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantawa a soraye da masallatan Birik, ya daɗe da nasa tsarin ware kare. Hadisi ya lissafa kare mai cizo cikin halittu 5 da aka yarda a kashe ko da mutum yana cikin harami, Imam Malik kuma a Muwaɗɗa ya faɗaɗa hukuncin zuwa duk dabbar da ke afka wa mutane. A babin jini na Mukhtasar, Shaihu Halil ya ambaci mai ajiye kare mai cizo wanda aka riga aka yi wa gargaɗi. Masu sharhi sun yi bayani: wanda ya ajiye kare domin wata buƙata da shari'a ta yarda da ita, kamar tsaron gona ko garke, lamuni yana hawa kansa idan ya san karen na cizo, aka gargaɗe shi gaban hukuma ko shaidu, ya yi biris. Hukuncin ɗan'uwan na mai katangar da ta karkata ne, wanda aka ce ya rushe ya ƙi. A lura: ba a tambayi launin kare ko tsayinsa ko ƙasar da aka samo shi ba. Hali aka duba, da sanin mai shi, da gargaɗi. Abin da Faransa ta dawo gare shi a 2008 ke nan.

Ba kuma za mu ce wannan babi ya mutu ba don Musulmi ba sa ajiye kare. Tsoron ɓarayi ya sa masu shaguna da manyan gidaje sun fara ajiye na gadi. Masu sharhin Risala ma suna ba da labarin cewa marubucinta Ibn Abi Zaid da kansa ya ajiye kare da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa ra'ayin Malik sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu, zaki zai ajiye.

Dokar ƙasa ta fi fiƙihu tsanani a nan. Sashe na 1385 na kundin dokar farar hula da ɓangaren Faransanci na Kamaru ya gada ya ɗora alhakin ɓarnar dabba a kan mai ita ko mai amfani da ita, tana hannunsa ko ta ɓace ko ta tsere, ba sai an yi gargaɗi ba. Sashe na 289 na kundin laifuka na 2016 ya tanadi hukunci ga wanda ya kashe ko ya raunata wani ta hanyar sakaci. Dokar 16 ga Afrilu 2001 kuma ta sa haukan kare cikin cututtukan dabbobi da dole a sanar da hukuma. Babu ɗayansu da ya ware ƙaramin kare. Mu ne muke ware shi, da "ai ɗan kwikwiyo ne, wasa yake yi".

Amma tsarin gargaɗi yana da iyaka, kuma a nan ne nake roƙon a saurara da kyau. Gargaɗi yana zuwa ne bayan cizon farko. Wannan daidai ne idan ana maganar wa zai biya. Idan ana maganar cuta kuwa, cizon farkon ne mai kisa, kare mai cutar ma ba zai rayu har a kai ga zaman gargaɗi ba. Tambayar alhaki tana iya jiran mai unguwa da shaidu da alƙali. Tambayar allura ba ta jiran gobe.

Wani ruɗani ya cancanci a taɓa shi. Da yawa in kare ya ciji yaro, tsarki ne ke fara zuwa musu a rai, sai a wanke wurin sau bakwai har da ƙasa. Hadisin da ya zo da wannan wanki a kan ƙwarya yake magana, ba miki ba, Malikiyya kuma ba su ɗauki jikin kare mai rai najasa ba. Cusa ƙasa a rauni kiran tetanas ne. Haka ƙona gashin karen a shafa, ko zuba toka ko barkono. Abin da ke rage ƙwayar shi ne ruwa mai gudu da sabulu na minti 15 cur, a duba agogo, wani yana zuba buta wani yana cuɗawa, kumfa na shiga cikin hujin, ko yaro na kuka. Sabulun wanki na kanti ya isa. Daga nan a wuce asibiti a ranar, kada a ɗaure, kada a nemi ɗinki a kemis.

6. Abin da zai yi aiki a Birik

Idan majalisar ƙaramar hukuma tana son dokar kare mai haɗari, ta rubuta ta a kan hali da kuma mai kare. Duk karen da ya ciji mutum, ƙarami ko babba, a rubuta shi, a nemi katin allurarsa, a tsare shi kwanakin sa ido. Wanda ya sake cizo ba tare da an tsokane shi ba, shi ne mai haɗari, a ɗora wa mai shi takunkumi da sarƙa da tara. Karnukan gadi manya a ƙara musu sharaɗin katanga da ƙofa, ba ni da ja a kan haka. Littafin rubuta cizon kuwa ya zauna a hannun mai unguwa, domin can mutane ke fara kai kuka kafin ofishin magajin gari ko na 'yan sanda.

Hanyar da aka fi saurin bi, wato a taru a kashe karen da duwatsu a jefa a kwata, ita ce mafi muni. An ɓatar da shaidar da za ta nuna ko yaron na buƙatar kammala allura, masu jifa da masu ja kuma sun shiga haɗari. In dole ta sa aka kashe, kada a fasa kai, a kira likitan dabbobi ya kai shi Cibiyar Pasteur. Zuba guba a juji ma ba ya kawar da cutar, sabbin karnuka marasa allura ne ke cike gurbin. Abin da ya yi aiki a maƙwabta sananne ne: a Njamena an yi gangamin allurar karnuka a 2012 da 2013, aka kai kashi 70 cikin 100 da ake buƙata, yaɗuwar cutar ta tsaya na wani lokaci kafin a sake shigo da ita daga wajen gari. Darasinsa ga Birik shi ne allurar da za ta tsare 'ya'yanta a jikin karnukan Mokolo da Messa da Tsinga za a yi ta, don haka shugabannin unguwar su ne ya kamata su fi kowa matsa wa ma'aikatar kiwo a kan gangamin, ko da babu kare ko ɗaya a gidajensu. Mahauta da masu tsire su ma suna da rabonsu: ganga mai murfi ta zuba ƙashi ta fi gorar mai gadi korar kare.

Saura kuɗi. Allurar mutum tana da tsada ga mai ɗinki ko mai tura baro, ruwan garkuwa ya fi ta tsada da wuyar samu, mutane da yawa kuma sukan yi ta farko su kasa komawa. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin tsira allurar a cikin fata a rana ta 0 da ta 3 da ta 7, wanda ke rage yawan maganin da zirga-zirga, a 2024 kuma ƙawancen rigakafi na Gavi ya buɗe ƙofar tallafa wa ƙasashe da allurar. Kafin wannan ya iso ƙofar talaka, ƙungiyoyin unguwa da ke tara kuɗin biki da na jana'iza suna iya ware wani abu domin wanda kare ya ciza.

Roƙona na ƙarshe ga limamai da malaman allo da na Islamiyya ne, domin su ake ji. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da wannan cuta a duniya. Ku ɗauki Juma'ar da ta fi kusa da ita. Ku gaya wa iyaye daga kan mumbari cewa duk yaron da ya zo ya ce kare ya cije shi ko ya yaƙushe shi, komai ƙanƙantar karen, kada a dake shi. A wanke da sabulu minti 15, a kai shi allura a ranar.